AMSOSHIN WASIƘUNKU: Kafin Ka Yarda A Sauke Maka Giya

Ga bayanin da aka karanta a filin amsa wasiƙun masu sauraro na wannan mako. Mun buga shi ne saboda waɗanda aikin fadama ko cin kasuwa ya hana su ji, da kuma masu son su adana shi a cikin mota.

  Manoma da ke bakin aiki, sannunku da ƙoƙari. Fatake da direbobi, Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.

A wannan mako jakarmu ta cika da wasiƙu da saƙonnin waya daga Talata Mafara da Bakura da Maradun. Da muka zazzage ta, sai muka tarar guda huɗu kukansu ɗaya ne: motar a-kori-kura mai shan gas, mai giyar otomatik, ta fara gardama wajen canza giya. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba su filin yau gaba ɗaya.

Dattawanmu sun san zamanin a-kori-kura ta Peugeot, 404 da 504, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975. Wannan mota, in kulocinta ya cinye, kowane bakanike a bakin tasha zai canza maka. In batir ya mutu, yara su tura, ta tashi. To, yanzu su Hilux da L200 da Navara da Ranger ne suka cika hanya, kuma a cikin na hannu da ake kawowa akwai masu otomatik. Mota ta canza, amma da yawanmu muna riƙe ta da dabarun jiya. Nan gizo ke saƙa.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki, don sauran bayanin ya zo da sauƙi. Ku mutanen wannan yanki ba sai an yi muku dogon turanci ba, domin kun san Bakolori. Tun da aka gama madatsar a 1978 kuke ganin yadda ruwa ke barin dam, ya bi babbar hanya, a buɗe masa ƙofa, ya rarrabu a ƙananan magudanai har ya isa gonar mutum. In ruwa ya yi ƙasa, ko yashi da ciyawa suka toshe magudana, ko mai buɗe ƙofa bai samu saƙo ba, gonar da ke can ƙarshe ƙishi za ta sha, alhali kuwa ita gonar lafiyarta ƙalau.

To, haka giyar otomatik take. Mai shi ne ruwan. Akwai famfo da inji ke juyawa, yana tura man da ƙarfi ta cikin 'yan siraran hanyoyi. Akwai ƙananan ƙofofi masu aiki da wuta, kanikawa na kiransu solanoyid. Akwai ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, wadda ke duba gudun mota da yadda ka taka totur, sannan ta ba da umurnin ƙofar da za a buɗe. Man da ya wuce shi ke matse fayafayan kuloci na ciki, waɗanda ake ce wa faiba, sai giya ta shiga. Hatta ƙarfin inji, mai ne ke miƙa shi ga giya, ta cikin wani ƙullin ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu da aka kifa, da farfela biyu a ciki suna kallon juna. Ka ga ke nan wannan mai aiki huɗu yake yi: ya ɗauki ƙarfi, ya matse faiba, ya hana ƙarafa gogar juna, ya kuma kwashe zafi. Ku riƙe wannan, za mu yi ta komawa gare shi.

Wasiƙa ta farko ta fito daga wani Alhaji mai fataucin shinkafa a Talata Mafara. Ya ce: "Na sayi Hilux ta hannu. Da safe in na sa ta a D sai ta yi jim kafin ta motsa, wani lokaci har da zabura. In na yi lodi kuma, inji ya yi ta kuka amma gudu bai ƙaru ba. Bakanike ya ce sai an sauke giya, kuɗin da ya faɗa kuwa ya kusa cinye jarina. Mene ne abin yi?"

Alhaji, ranka ya daɗe, mun gode da wasiƙa. Abu na farko, kada ka yarda a kwance ko noti ɗaya sai an duba mai. Alamun nan biyu da ka faɗa, jinkirin shiga giya da zamewa, su ne alamun farko na ƙarancin mai ko toshewar matatarsa. Ga yadda ake dubawa. Ka yi tafiyar kamar minti 15 don mai ya ɗauki zafi. Ka tsaya a wuri mai shimfiɗe, ka ja birkin hannu, kada ka kashe inji. Ka taka birki, ka zagaya da sandar giya kowane gida, ka ɗan dakata a kowanne, sannan ka mayar da ita P. Ka zaro gejin man giya, ba na baƙin mai ba, ka goge da tsumma mai tsabta, ka mayar, ka sake zarowa. Mai ya kamata ya tsaya tsakanin alamomin da aka rubuta HOT. In ya gaza, a ƙara kaɗan-kaɗan. In ya wuce ma matsala ce, don yakan yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faiba.

Sannan ka ɗiga shi a farar takarda, ka duba, ka sansana. Ja garau, lafiya lau. In ya koma ruwan ƙasa, ya tsufa, lokacin canji ya yi. In ya yi baƙi yana ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya, faiba ta fara ƙonewa. In kuwa ka ga ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, ko dai daga tsallaka rafi, ko kuma bututun man da ke ratsa lagireto ya fashe. Wannan kam a ajiye motar nan take, domin ruwa yana ɓamɓare faiba.

In mai ya ragu, ruwa ba ya tsami banza, akwai inda yake zuba, don man giya ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana, da safe ka ga inda ja ya ɗiga. Sau da yawa bakin kaskon mai ne, ko tiyon da ke zuwa lagireto, gyaran da bai taka kara ya karya ba.

Akwai waɗanda za su ce sun duba ba su ga geji ba. Gaskiya ne. Sababbin Hilux, irin waɗanda suka fito daga 2015 masu giya 6, ba su da shi. Daga ƙasa ake auna man, ta wani noti, kuma sai mai yana kan wani zafi na musamman. Wannan aikin wanda ya sani ne, ba na lalube ba.

Sai maganar irin man, Alhaji, kuma a nan mutane da yawa suka kashe giyarsu da hannunsu. Man giya mai kauri, lamba 90, wanda ake zuba wa giyar hannu, guba ne ga otomatik. Baƙin mai ma haka. Wanda ake so shi ne mai rubutun ATF, shi ma iri-iri ne. Tsofaffin Toyota suna shan Dexron ko T-IV, na baya-bayan nan kuma WS. Ka duba littafin mota, ko jikin gejin, sau da yawa an rubuta. Ka sayi mai a rufe daga kantin da ka amince da shi, ka tsaya a zuba a gabanka. Araha ba ta ado. Motar da ke aikin kaya a zafi da ƙura irin namu, shawarar da muke bayarwa ita ce a canza mai da matata tsakanin kilomita 40,000 zuwa 60,000. Ka sani kuma in an kwance notin ƙasa, ba duka man ke fita ba, fiye da rabi yakan saura a ciki. Don haka in ya tsufa sosai, a canza, a yi 'yan kwanaki ana aiki, a sake canzawa. Amma mu faɗi gaskiya, in faiba ta riga ta ƙone, sabon mai ba zai dawo da ita ba.

Wasiƙa ta biyu daga Bakura take, daga wani Malam mai noman rani. Ya ce da sanyin safiya motarsa ba ta da laifi. Amma in ya loda albasa ko tumatir ya kama hanyar Sakkwato da rana, sai ta riƙa hawa da sauka tsakanin giya biyu, can sai wata fitila ta kama mai rubutun A/T OIL TEMP. Ya ce akwai ranar da ya yi banza da fitilar, mota ta tsaya masa, tumatir ya kwana a hanya, washegari rabin kuɗi aka saya.

Malam, Allah Ya mayar da alheri. Motarka ba ƙarya take yi ba, cewa take man giyarta ya yi zafi fiye da kima. Wannan mai ya fi son aiki a wajen digiri 80. In ya haura 120 sai ya tsinke, ya fara lalacewa da sauri, robobin ciki su ƙandare. To, a watan Afrilu a nan Zamfara iskar gari kanta tana wuce digiri 40, balle a ɗora kaya.

Bari mu yi lissafi. Yawancin irin waɗannan motoci, nauyin da aka yi su dominsa bai wuce kusan tan 1 ba, kuma da direba da fasinja a cikin lissafin. Buhu mai kilo 100 ke nan guda 10, in babu kowa a bisa. Yanzu Malam, tsakaninka da Allah, buhu nawa kake ɗorawa ran Talata in za a ci kasuwar Mafara? Mutum nawa ke hawa saman kayan? Jaki in an yi masa haka yakan durƙusa a gani. Ita mota ba ta durƙusawa, a ciki take ƙonewa.

Ga abin yi. In fitilar ta kama, ka sauka gefen hanya, ka sa P, ka bar inji yana aiki a hankali har ta mutu. Kada ka kashe inji, don shi ke zagaya da man yana hucewa. In kana da kaya kuma ka ji tana hawa da sauka, ka hana ta giyar ƙarshe: a tsofaffi akwai maɓallin O/D a jikin sanda, a wasu kuma ka mayar da sanda 3, ko ka rage da hannu. A hawa mai tsanani ka sa 2 ko L. Kada ka tsayar da mota a gangare da totur, birki aka yi wa wannan aiki. In ka kafe a yashi ko taɓon fadama, kada ka yi ta buga D da R kana zuba wuta, minti kaɗan na wannan ya isa ya ƙona faiba. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, ka sa ta a L4. In ta ƙi, ka rage kaya, ka haƙa, ka sa itace.

Ka leƙa gaban lagireto kuma. Motar da ke shiga masussuka, ƙaiƙayin shinkafa da ƙura sukan toshe shi kamar an yaɓa, kuma yawanci shi ke sanyaya man giya. A wanke shi da ruwa marar ƙarfi sosai. Mai yawan lodi kuma zai iya sa a ƙara masa ƙaramin lagireto na man giya daban. Kuɗinsa ko kusa bai kai na giya ba.

Wasiƙa ta uku daga wata Hajiya ce a Maradun, mai sana'ar hatsi, direba ke ja mata mota. Ta ce rana ɗaya motar ta maƙale a giya ɗaya, tashi da ƙyar, gudu ba ya wuce wani mizani, fitilar inji na kunne. In an kashe an sake tayarwa takan saki na ɗan lokaci. An ce mata giya ta mutu, ta kawo kuɗin wata. Tana tambaya ko direban ne ya kashe mata mota.

Hajiya, a yi haƙuri, kada a yi saurin ɗora wa direba laifi, kada kuma a yi saurin fitar da kuɗi. Giyar da ta mutu ba ta farfaɗowa don an kashe mota an tayar. Abin da kika kwatanta ya fi kama da dabarar ita ƙwaƙwalwar motar. In saƙon da take jira ya yanke, ko ya zo a birkice, sai ta kulle giya a gida ɗaya don a lallaɓa a kai gareji ba tare da ɓarna ba. Wato mai buɗe ƙofar ruwa ne bai samu saƙo ba.

Ki sa mai gyaran wutar mota ya fara da batir. Lafiyayye yakan nuna kusan bolt 12.6 in inji na kashe, da 13.5 zuwa 14.5 in yana aiki. A kankare kawunan batir, a ɗaure wayar da ke zuwa jikin mota. Sannan a bi wayoyin da ke gangarawa zuwa giya. Motar da ke dakon hatsi tana kwana kusa da rumbu, ɓera ba ya raina ta, kuma ɓera na son cin waya. A cire soket ɗin jikin giya a duba ko taɓo ko ruwa ya shiga. Ki tambayi direba ko allurar gudu ta taɓa faɗuwa yana cikin tafiya. In haka ne, ƙaramar na'urar da ke auna gudu ce, ko wayarta.

Bayan haka a sa mata kwamfuta. A ƙarƙashin sitiyari akwai wani soket mai ramuka 16, nan ake jona na'urar, ta fito da lambar ciwon. Alal misali, P0500 tana nuni ga ma'aunin gudu. Abin da muke roƙo shi ne a rubuta lambar a takarda kafin a goge ta. Goge lamba ba gyara ba ne. Lambar kuma hanya take nunawa, ba ta ce lallai a sayi sabon kaya ba, sai an gwada waya tukuna. Ko da sai an je Gusau ko Sakkwato neman mai na'urar, kuɗin wannan tafiya ya fi sauƙi.

Akwai kuma wani abu da ya shafi masu gas musamman, ku ukun nan duka ku saurara. Sau da yawa giya ce ake zargi, alhali inji ne ke jin yunwa. In matatar gas ta toshe, ko gas ɗin da aka saya a jarka yana da ruwa da datti, ko ƙurar hunturu ta cika matatar iska, ƙarfin inji yakan ragu. Direba sai ya ƙara taka totur. Ƙwaƙwalwa kuma in ta ga an taka da yawa, sai ta ɗauka hawa ake yi, ta riƙe ƙaramar giya ta ƙi saki. Kai kuma ka ce giya ta ƙi canzawa. Ga yadda za ka bambance: in inji na kuka sama amma mota ba ta ja, zamewar giya ce. In kuwa injin ne ya kasa ɗagawa, ko yana hayaƙi, a fara da matatu, a tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin matatar gas.

Wasiƙa ta huɗu, wani matashin direba ne daga Talata Mafara, ya jero tambayoyi, mu ma za mu jero amsa. Ana tura otomatik ta tashi? A'a, samari, famfonta sai inji na juyawa yake aiki, ku nemi batir ku yi mata jani. Ana ɗaura mata igiya a ja? In inji na kashe babu man da ke zagayawa, jan nesa yana cinye giya. A kwance farfelar ƙasa, ko a ɗora ta a babbar mota. Sa N a gangare yana rage shan gas? Kada ka fara. Ka raba kanka da taimakon inji, ka bar wa birki dukkan nauyi, kuma injin zamani da kansa yake yanke gas in ka ɗaga ƙafa tana cikin giya. Sannan kada ka sa R ko P sai mota ta tsaya cik. In za ka ajiye ta, ka ja birkin hannu kafin ka sa P.

To, yaushe ne za a yarda ciwon na ciki ne? In mai daidai yake, wuta lafiya, matatu sababbi, amma tana zamewa. In an sauke kaskon mai an ga ɓarɓashin ƙarfe a jikin maganaɗisun da ke ciki, ko baƙin gari mai yawa. Laushin toka kaɗan ba komai ba ne. In ribas ya ɓace gaba ɗaya, ko tana gurnani. A nan kam sai a sauke. In ta hannu za ka saya, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko wani wuri, ka tafi da lambar da ke jikin tsohuwar, don kama da wane ba ta wane. Ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, da shaidu. Ka tabbata an wanke bututu da wurin sanyaya mai kafin a ɗaura, in ba haka ba dattin tsohuwar zai kashe sabuwar.

Jama'a, jerin ke nan: mai, zafi da kaya, batir da waya, matatun inji, kwamfuta, sannan a ƙarshe buɗe giya. Bakaniken kirki ba zai ji haushi don ka ce a bi wannan jeri ba. Wanda ya ce a sauke giya bai ko zaro geji ba, ka yi masa godiya, ka gwada wani.

Kalma ta ƙarshe. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan. Mutuwar mota a daji da magariba ba maganar tumatir kaɗai ba ce yanzu, maganar rai ce. In motarka ta fara nuna alama, kada ka ɗauki kaya da la'asar kana cewa bari in yi wannan sawun tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nan za mu dakata. Waɗanda ba su ji wasiƙunsu ba su ƙara haƙuri, suna nan a jaka. In za ku rubuto game da mota, ku faɗi irinta da shekararta, da lokacin da take yin ciwon, da sanyi ne ko da zafi, da kaya ko babu. Allah Ya ba da damina mai albarka da kasuwa mai riba, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Assalamu alaikum.